Jinin Cibiya: A Biya a Ajiye, ko a Bar wa Jariri?

Jinin cibiya shi ne ragowar jinin da ke tsayawa a cikin igiyar cibiya da mabiyiya bayan an haifi jariri an yanke masa cibiya. Ba shi da yawa. Abin da ake iya zuƙowa yakan kama daga mililita 60 zuwa 120, wato ko rubu'in lita bai kai ba. A Madawa da Buza da Keita, kamar sauran ƙasar Hausa, ana binne mabiyiya ne, wannan jini ya bi ta cikin ƙasa. A wasu ƙasashe kuwa akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce karɓar jinin daga ɗakin haihuwa, su daskarar da shi, su riƙa karɓar kuɗin ajiya daga iyaye kowace shekara, da alkawarin cewa wata rana zai iya ceton ran yaron ko na wani ɗan uwansa. Tallarsu ta fara isowa wayoyin mutanenmu ta intanet, kuma iyalan da ke zuwa haihuwa ko jinya a Indiya da Dubai da Turai sukan ci karo da ita a asibiti.

Darajar jinin tana cikin wasu ƙwayoyi ne da likitoci ke kira ƙwayoyin tushe. Daga gare su jiki ke samar da jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iska, da farare masu yaƙi da cuta, da waɗanda ke tsayar da zubar jini. A jikin babba, mazauninsu ɓargo ne. Idan ɓargon mutum ya lalace, ko ya kama ƙera jini maras kyau, ana iya kashe shi da magunguna masu ƙarfi sannan a zuba wa mutumin ƙwayoyin tushe na wani mai lafiya ta jijiya, kamar yadda ake ƙarin jini. Ƙwayoyin su da kansu suke neman hanyar ƙashi su zauna, bayan makonni su fara aiki. Wannan shi ne dashen ɓargo, kuma da shi ake maganin sankarar jini, da mutuwar ɓargo, da wasu cututtukan gado, ciki har da sikila.

An fara amfani da jinin cibiya a madadin ɓargo a watan Oktoba na 1988, a asibitin Saint-Louis da ke birnin Paris. Farfesa Eliane Gluckman ce ta jagoranci aikin. Majinyacin yaro ne ɗan shekara 5 daga Amurka mai wata cutar ɓargo ta gado da ake kira Fanconi, jinin kuma na ƙanwarsa ne, wanda masanin kimiyya Hal Broxmeyer ya daskarar ya ajiye tun ranar da aka haife ta. Yaron ya warke, ya girma. Daga lokacin zuwa yau an yi dashe da jinin cibiya fiye da sau 40,000 a duniya. Saboda haka babu gardama a kan cewa jinin yana da amfani. Gardamar tana kan wane ne ke amfana da shi, kuma a wace irin ma'ajiya.

Ma'ajiya iri biyu

Akwai ma'ajiyar jama'a. Uwa takan ba da jinin kyauta, ba ta biyan ko sisi, ba ta kuma da sauran iko a kansa. Ana gwada shi, a rubuta nau'insa a rajista, duk majinyacin da ya dace da shi a ko'ina cikin duniya sai a aika masa. Ta farko irin wannan an kafa ta a birnin New York a farkon shekarun 1990 ƙarƙashin Dokta Pablo Rubinstein. Yanzu ma'ajiyoyin jama'a na duniya suna riƙe da jaka kusan 800,000, kuma kusan dukkan dashen da aka ambata a sama daga cikinsu aka ɗebo.

Akwai kuma ma'ajiyar kuɗi, inda iyaye ke biya a ajiye jinin da sunan ɗansu, ba mai taɓa shi sai da izininsu. Jakunkunan da ke irin wannan ma'ajiya sun kai miliyoyi, sun ninka na jama'a sau da yawa, amma waɗanda aka taɓa fitarwa aka yi magani da su ƴan kaɗan ne ƙwarai.

A 2017 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ƙiyasta kuɗin farko tsakanin dalar Amurka 1,350 da 2,300, kuɗin shekara kuma tsakanin 100 da 175. A ɗauki matsakaici, dala 2,000 ranar haihuwa da 150 duk shekara. Kafin yaro ya cika 18 an kashe dala 4,700. Idan aka lissafa dala guda a kan sefa 600, kuɗin ya ɗan haura miliyan 2 da jika 800. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata, ke nan ma'aikacin da ke kan wannan mataki zai yi sama da shekara biyar yana aiki, bai ci ba bai sha ba, kafin ya haɗa kuɗin ajiyar ɗa guda. Wannan lissafi bai haɗa da kuɗin jirgi ba, kuma na haihuwa ɗaya ne, a ƙasar da mace kan haifi ƴaƴa shida ko fiye. Ko babban ɗan kasuwar albasa na Galmi ko Tamaske, wanda miliyan uku ba za ta girgiza shi ba, yana da haƙƙin ya tambayi abin da kuɗinsa ke sayo masa.

Abu na farko da ya kamata ya sani shi ne kuɗin ajiya daban, kuɗin magani daban. Ranar da aka buƙaci jinin, sai an biya kuɗin dashe, wanda ya ƙunshi makonni a keɓaɓɓen ɗaki, da magunguna, da watanni na zama kusa da asibitin. A Indiya, inda ake ganin da sauƙi, ana maganar dubun-dubatar daloli ne. A Amurka kuwa ɗaruruwan dubbai. Jakar jini a cikin sanyi ba ta warkar da kowa sai akwai wannan kuɗi na biyu.

Sau nawa ake buƙatarsa?

Masana sun sha ƙiyasta yiwuwar yaro ya yi amfani da jinin cibiyar kansa. Ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta taɓa ambaton ɗaya cikin 2,700, wasu ƙiyasce-ƙiyascen kuma sun kai har ɗaya cikin 200,000. A 2009 mujallar Pediatrics ta buga wani bincike da aka yi tsakanin likitocin dashen ɓargo na yara 93 a Amurka da Kanada, mutanen da suka yi dashe dubbai a tsakaninsu. Sau 9 kacal suka taɓa mayar wa yaro jinin cibiyarsa daga ma'ajiyar kuɗi. Sau 41 sun yi amfani da na ɗan uwa, kuma a mafi yawan waɗannan an riga an san akwai maras lafiya a gidan tun kafin a ajiye jinin.

Dalilin ƙarancin ba ɓoyayye ba ne. Cututtukan da ke kai yaro ga dashen ɓargo, da yawa daga cikinsu da su aka haife shi. Yaron da ke da sikila, jinin cibiyarsa ma sikila ne. Manomin da albasarsa ta fito da cuta tun daga iri ba ya komawa ya shuka ragowar wannan irin da ya ɓoye, wani irin yake nema daga maƙwabci. Haka abin yake a nan. Hatta sankarar jini ta yara, binciken Farfesa Mel Greaves a Landan ya nuna cewa sau da yawa canjin farko da ke haddasa ta yana faruwa tun yaro na ciki, ana kuma iya ganin alamarsa a jinin ranar haihuwa. Ban da haka, likitoci sun fi son ƙwayoyin wani mutum a wannan cuta, domin baƙin ƙwayoyi sukan far wa ragowar sankarar su kashe ta, abin da ƙwayoyin mutum na kansa ba sa yi.

Sai maganar yawa. Ana auna ƙwayoyin da ake buƙata ne da nauyin majinyaci. Jaka guda takan ishi yaro ƙarami, amma da wuya ta ishi babba, har akan haɗa jaka biyu daga jarirai daban-daban don mutum ɗaya. Saboda haka kowace shekara da yaro ya ƙara girma, amfanin jakarsa gare shi raguwa yake yi, alhali kuɗin ajiya bai ragu ba. Ma'ajiyoyin jama'a sukan ƙi karɓar mafi yawan jinin da aka kawo musu don ƙwayoyin ciki sun yi kaɗan. Kamfanin kuɗi kuwa ba kasafai yake mayar da jaka ba, tunda mai ita zai biya. Iyali na iya shafe shekara goma sha suna biyan kuɗin jakar da likitan dashe zai duba ya ce ba ta isa ba.

Kamfanoni sukan ambaci wasu cututtuka, irin su shanyewar gaɓɓai da yaro kan samu sakamakon wahalar haihuwa, da galahanga, a matsayin abin da jinin zai yi magani nan gaba. An yi gwaje-gwaje a kai, musamman a Jami'ar Duke ta Amurka. Gwajin galahanga da aka buga sakamakonsa a 2020 bai nuna wani bambanci a dunƙule ba tsakanin yaran da aka ba jinin da waɗanda ba a ba. Har yanzu waɗannan suna matakin bincike, ba magani ne da aka tabbatar ba. Uwa mai ciki wata takwas, da aka nuna mata hoton yaro maras lafiya aka ce dama ce sau ɗaya a rayuwa, ba ta cikin halin da za ta auna wannan bambanci, kuma bai dace a sayar mata da fata a farashin magani ba.

Wannan ne ya sa hukumomi suka ja baya. A 2004 kwamitin ɗa'a na Tarayyar Turai ya nuna shakku a kan halaccin sayar da hidimar da ba ta da wani amfani na zahiri a lokacin. Faransa, inda aka yi dashen farko, ba ta yarda a buɗe ma'ajiyar kuɗi don amfanin kai ba. Italiya ma haka. Likitocin yara na Amurka sun ce ma'ajiyar jama'a ita ce zaɓi, sai fa idan akwai ɗan uwa mai cutar da dashe ke magani. Ta fuskar addini kuwa ba a nan matsalar take ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 2003, ta halatta ɗibar ƙwayoyin tushe daga mabiyiya da igiyar cibiya don magani, matuƙar iyaye sun yarda.

Akwai kuma wani canji a fagen dashen kansa. Likitoci a asibitin Johns Hopkins sun samo hanyar yin dashe daga mutumin da jininsa ya dace rabi kawai, wato uwa, ko uba, ko yawancin ƴan uwa. Tun da wannan hanya ta bazu, amfani da jinin cibiya ya ragu a duniya.

Sanyin da ba ya son katsewa

Ana ajiye jinin a cikin tankin ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ko a cikin tururinsa. Ƙa'ida ita ce kada ɗumi ya haura digiri 150 ƙasa da sifili. Idan an kiyaye haka ƙwayoyin suna daɗewa. Broxmeyer ya narkar da waɗanda suka haura shekara 23 ya same su da rai. Amma kiyayewar aiki ne na kowace rana, shekara da shekaru, kuma iyaye ba su da hanyar leƙa tankin.

A 2019 kamfanin Cryo-Save, wanda ya kasance daga cikin mafi girma a Turai, ya durƙushe. An kwashe jakunkuna ɗaruruwan dubbai zuwa birnin Warsaw na Poland, iyaye da yawa suka yi watanni ba su san inda jinin ƴaƴansu yake ba, har hukumomin Suwizalan suka buɗe bincike. A watan Nuwamba na 2023 Ma'aikatar Lafiya ta Singafo ta bayyana cewa tankuna 7 cikin 22 na kamfanin Cordlife sun yi ɗumi fiye da ƙa'ida. Jaka kusan 2,200 sun lalace a tanki ɗaya, daga baya aka ƙara gano wasu kimanin 5,300 da ba a sa ran za su yi amfani. Waɗannan ƙasashe ne masu wuta dare da rana da hukumomi masu sa ido. Iyalin da ke Buza, idan haka ta same su da kamfanin da ke wata nahiya, ba su da kotun da za su je cikin sauƙi. Yarjejeniyoyi da yawa kuma sun ba kamfani damar zubar da jinin idan aka daina biya na wani lokaci, don haka shekara biyu ta fari ko karyewar kasuwa na iya cinye abin da aka biya na shekara goma.

Kafin ma a kai ga tanki, sai jinin ya isa. Dole ƙwararre ya zuƙe shi cikin mintuna kaɗan bayan haihuwa, a jaka ta musamman, ba tare da ƙwayar cuta ta shiga ba. Dole ya kai ɗakin gwaji cikin sa'o'i 48, in an matsa 72, bai daskare ba, bai kuma yi zafi ba. Babu ma'ajiyar jinin cibiya a jihar Tawa. Daga Madawa zuwa Yamai kusan kilomita 500 ne, ta Ƙonni da Dogon Dutse da Doso, kafin a fara maganar jirgi da takardun fitar da jinin mutum daga ƙasa. Mai tasowa daga Keita ko ƙauyukan Buza yana da wata tafiyar kafin ya hau babban titi. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Naƙuda kuma ba ta sanar da rana. A aikace, matar da ke son wannan ajiya sai ta tafi ta haihu a ƙasar da ma'ajiyar take.

Inda ajiyar ke da ma'ana: gidan mai sikila

Sikila, ko amosanin jini, wadda a Nijar ake kuma ce wa emasi, ita ce ta sa wannan batu ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijar yana ɗauke da irinta a jini ba tare da ciwo ba. A Najeriya ana ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da ita kowace shekara. Dashen ɓargo daga ɗan uwa da ya dace yana warkar da ita gaba ɗaya, kuma a yara ƙanana ana samun nasara a kusan tara cikin goma. Jinin cibiyar ƙane ko ƙanwa yana yin wannan aiki, yana ma da wata fa'ida: ƙwayoyin jariri ba su cika far wa jikin wanda aka ba su ba kamar na babba.

Don haka idan gida na da yaro mai sikila mai tsanani, wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko yake yawan kwanciya da ciwon ƙirji, uwar kuma tana da ciki da uban yaron, ajiye jinin jaririn abu ne da likitoci ke goyon baya. A nan an san majinyacin, an san cutar, kuma ajiyar ta ƴan shekaru ce, ba ta sai-baba-ta-gani ba.

Duk da haka akwai lissafi. Ana duba dacewa ne da wasu alamomi na jikin ƙwayoyi da ake kira HLA, waɗanda mutum ke gadon rabi daga uwa, rabi daga uba. Tsakanin shaƙiƙai, uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewa cikakkiya ɗaya ce cikin huɗu. Idan iyaye duka AS ne, wato masu ɗauke da irin cutar ba tare da ciwo ba, damar jaririn ya tsira daga SS, wato sikila, uku ce cikin huɗu; mai AS yana iya bayarwa. Idan aka haɗa biyun, ana samun 3 cikin 16, wato ƙasa kaɗan da ɗaya cikin biyar. Ƴan uba kuwa, a gidan da ke da mata fiye da ɗaya, da wuya su dace gaba ɗaya.

Amma wannan lissafi yana da ɗaya fuskar, wadda ta fi daɗi ga manyan iyalai irin na yankin Adar. Yaron da ke da shaƙiƙai biyar, damar a samu aƙalla ɗaya da ya dace kuma ba SS ba ta kai kusan kashi 65 cikin ɗari. Waɗannan ƴan uwa suna nan a tsakar gida, ɓargonsu na jikinsu, ba ya buƙatar tanki ko kuɗin shekara. Jaririn da ba a ajiye jinin cibiyarsa ba shi ma bai rufe ƙofa ba. Idan ya ɗan girma ana iya ɗibar ɓargonsa, jikinsa ya mayar da abin da aka ɗiba cikin makonni. Sau da yawa ma likitoci kan haɗa jinin cibiya da ɓargon wannan ƙanen, saboda jakar ita kaɗai ba ta isa ba. Mataki na farko ga irin wannan gida shi ne gwajin HLA na ƴaƴan da ke akwai, da magana da asibitin da zai yi dashen. Idan babu asibiti kuma babu kuɗin dashe, ajiyar jinin ba ta da inda za ta.

Asibitocin dashe sun fara matsowa kusa. A 2011 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya yi dashen farko ga mai sikila a Najeriya, ƙarƙashin Dokta Nosakhare Bazuaye. A 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya, ya fara nasa. Tunisiya tana da asibitin dashen ɓargo na ƙasa a birnin Tunis tun ƙarshen shekarun 1990. A Yamai akwai babban asibitin masu sikila na ƙasa, CNRD, inda ake gwaji da bibiyar majinyata, kuma daga nan ya kamata shawara ta fara. Akwai kuma sabon maganin gyaran ƙwayoyin gado mai suna Casgevy, da aka amince da shi a Birtaniya da Amurka a ƙarshen 2023, wanda ke amfani da ƙwayoyin tushen majinyacin da ake ɗiba daga jininsa a lokacin magani. Farashinsa dala miliyan 2.2 ne.

Masu kare ma'ajiyar kuɗi suna da hujja guda mai nauyi game da baƙar fata. Alamomin HLA na ƴan Afirka sun fi na kowa bambanta, kuma mutanenmu ba su da yawa a rajistocin duniya. A rajistar Amurka, damar baƙar fata ya samu wanda ya dace da shi kusan kashi 29 ce cikin ɗari, ta farar fata kuwa 79. Gibin gaskiya ne. Sai dai jakar da aka kulle da sunan yaro ɗaya ba ta cike shi, domin ba mai iya nemanta. Abin da ke cike shi shi ne ma'ajiya da rajista ta jama'a a Afirka ta Yamma, kuma wannan aikin gwamnatoci ne da jami'o'i.

Ga mafi yawan yaran da ke da sikila a Madawa da Buza da Keita, abin da ke raba rai da mutuwa ya fi wannan araha nesa ba kusa ba. Gano cutar da wuri. Ƙwayar fenisilin kullum tun daga watannin farko. Gwajin da aka yi a Amurka a 1986 ya nuna tana rage mummunar cutar huhu da jini da kashi 84 cikin ɗari. Allurar rigakafi cikakkiya. Gidan sauro, da maganin rigakafin zazzaɓi na damina, wanda Madawa da Buza suna cikin gundumomin farko da aka fara raba shi a Nijar a 2013. Sai maganin haidiroksiyuriya, wanda babban gwaji a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda ya nuna yana rage ciwo da ƙarin jini da mace-mace, binciken da aka yi a asibitocin Kano kuma ya nuna yana kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Kuɗin ajiyar jaka ɗaya zai ɗauki nauyin waɗannan na shekaru masu yawa. Gwajin jini kafin aure, wanda jihar Kano ta mayar doka a 2024, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Mai jinin na asali

Jinin da ke cikin igiyar cibiya na jaririn ne, kuma a mintunan farko yana ci gaba da kwarara zuwa jikinsa. Idan aka dakata minti uku kafin a ɗaure cibiya, jariri na iya samun ƙarin mililita 80 zuwa 100, a jikin da duk jininsa bai wuce mililita 300 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira minti 1 zuwa 3 a kowace haihuwa, sai idan jariri bai yi numfashi ba ana buƙatar a ɗauke shi da gaggawa. Sinadarin ƙarfe da ke cikin wannan jini yana tallafar yaro har zuwa wata shida. A bakwaini kuma jinkirin yana rage buƙatar ƙarin jini da haɗarin mutuwa. Illar da aka sani ita ce ɗan ƙarin yiwuwar shawara, wadda ake ganewa a ido da fata, ake kuma magani da haske a asibiti.

Wannan yana da muhimmanci a Nijar, ƙasar da binciken lafiya na 2012 ya samu kashi 73 cikin ɗari na yara ƴan ƙasa da shekara biyar da ƙarancin jini. Duk wanda ya san ɗakin yara na asibitin Madawa a watannin Agusta zuwa Oktoba ya san yadda zazzaɓin cizon sauro ke shanye jinin yara, da yadda ake neman mai ba da jini ido rufe. Yaron da ya fara rayuwa da cikakken jininsa ya shiga damina da ɗan guzuri. Ajiya da jinkiri kuma suna jan abu ɗaya ne: gwargwadon yadda aka jira, gwargwadon raguwar abin da zai shiga jaka. Likitocin haihuwa sun ce bai kamata a gaggauta ɗaure cibiya don a cika jaka ba.

A gidaje da yawa ungozoma ba ta yanke cibiya sai mabiyiya ta faɗo, saboda haka jariran da aka haifa a gida sukan samu wannan jini. Haɗarinsu yana wani wurin: reza da aka taɓa amfani da ita, zare maras tsabta, da abubuwan da ake shafa wa cibiya don ta yi saurin faɗuwa, irin su toka da gawayi da man goge haƙora. Ta nan tsinkau-tsinkau da ruɓewar cibiya ke shiga. An tabbatar Nijar ta kawar da tsinkau-tsinkau na uwa da jariri a matsayin annoba a 2016, amma ƙwayar cutar tana nan cikin ƙasa, kuma allurar da ake yi wa mai ciki a wajen awo ita ce ke riƙe da wannan nasara. A wuraren da aka saba shafa wa cibiya irin waɗannan abubuwa masu cutarwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shafa maganin kilohezidin mai ƙarfin kashi 7.1 a kan kututturen cibiya sau ɗaya kowace rana har kwana bakwai, wato zuwa ranar suna. A cibiya kaɗai ake shafa shi, kada ya kusanci ido. Idan cibiyar ta yi ja, ko ta kumbura, ko tana fitar da ruwa mai wari, ko jariri ya ƙi kama nono, a kai shi asibiti a ranar.